Gafakar Wannan Zamani

A cikin watan Yuli na shekarar 2009, waɗansu mutane a ƙasar Amurka, waɗanda suka sa kuɗinsu suka sayi littattafai biyu na marubucin nan na Ingila George Orwell, suka adana su cikin allon karatu na lantarki da ake kira Kindle, sun wayi gari sun tarar littattafan sun yi ɓatan dabo, alhali kuwa ɓarawo bai haura katanga ba, gobara ba ta tashi ba, gara kuma ba ta ci takarda ba. Ashe kamfanin Amazon ne da ya sayar musu, da ya gano cewa dillalin da ya kawo littattafan kasuwarsa ba shi da izinin bugawa, ya miƙo hannu daga nesa ta hanyar intanet, ya goge su daga allunan mutane suna zaune cikin ɗakunansu, sa'an nan ya mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya daga cikin littattafan nan shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi. Wani ɗalibi a jihar Mishigan har ƙara ya kai, domin ta'aliƙan da ya ɓata lokaci yana rubutawa a kan karatunsa sun zama tamkar hashiya ba matani, suna nuni ga layukan da babu su. Daga baya shugaban kamfanin, Jeff Bezos, ya fito ya ba da haƙuri, amma abin da jama'a suka fahimta a ranar sun riga sun fahimce shi.

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san yadda magabatanmu suka riƙe littafi. Ana harhaɗa waraƙoƙin a tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka, a rataye ta a bango nesa da danshi da gara. In mai ita ya cika, a raba ta cikin gado kamar yadda ake raba gona da gida, har jika ya buɗe ya ga rubutun kakansa a gefen shafi, inda ya yi wa wata kalmar Larabci mai tsauri fassara da ajami. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira milki cikakke, wanda mai shi ke da ikon ya sayar, ko ya kyautar, ko ya ba da aro, ko ya yi waƙafi da shi. Amma littafin da mutum ya saya a wayarsa daga manyan kamfanonin nan, idan aka duba sharuɗɗan da ya danna ya yarda da su ba tare da ya karanta ba, galibi ba a mallaka masa shi ba, izinin karantawa kaɗai aka ba shi, wanda ya fi kusa da haya ko aro a ma'aunin shari'a. Hujjar wannan ta sake bayyana a shekarar 2019, sa'ad da kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗi, aka tashi kasuwa.

To, irin waɗannan al'amura ne suka sa waɗansu mutane, musamman a Turai da Amurka inda abin ya fi yaɗuwa, suka koma ga wata dabara wadda a zahirinta sabuwa ce, a ma'anarta kuwa daɗaɗɗiya, wato mutum ya kafa tasa sabar a cikin gidansa. Ya kamata in tsaya in warware wannan kalma, domin da yawa daga cikinmu muna jin ta ba mu san haƙiƙaninta ba. Saba, wadda waɗansu masu fassara ke kira uwar garke, ba wata aba ba ce face kwamfuta wadda aka bar ta a kunne dare da rana, aka ɗora mata aikin ajiye kaya da miƙa su ga duk na'urar da ta nema. Sa'ad da ka buɗe wani shafi a wayarka, ko ka ajiye hoto a abin da ake ce wa gajimare, ba sama ya tafi ba, yana can cikin rumbun wata kwamfuta a wani ƙaton gini mai sanyi, a wata ƙasa da wataƙila ba ka taɓa zuwa ba, a ƙarƙashin hukuncin mutanen da ba su san ka ba. Mai sabar gida kuwa abin da ya yi shi ne ya ɗauko wannan aikin ya dawo da shi kan kantar ɗakinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsohuwar kwamfuta da aka daina amfani da ita ta isa, in dai tana tashi. Waɗansu kuma sun fi son wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna Raspberry Pi, wadda wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ta fara sayarwa a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35, da nufin koya wa yara ilmin kwamfuta. Girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba sai da kaɗan, wutar da take sha kuwa ba ta kai ta ƙwan fitila irin na da ba. Sai a jona mata rumbun ajiya, a haɗa ta da rautar gida, a ɗora mata manhajar da ta dace da bukata. Mai son littattafai yakan sa Calibre, wadda wani Ba'indiye mai suna Kovid Goyal ya fara rubutawa a 2006 ya bar ta kyauta ga kowa, tana jera littattafai bisa sunan mawallafi da fanni kamar yadda ma'aikacin laburare ke yi. Mai son adana hotuna da takardun iyali yakan sa Nextcloud, wadda ta fito daga Jamus a 2016. Da zarar an gama, duk wanda ke cikin gidan, da maigida da uwargida da yara da baƙon da ya sauka, yana iya buɗe wayarsa ya ɗauki abin da yake so ta hanyar waifai na gida, ko da kuwa ba ko ɗigon data a wayar, domin saƙon bai fita ƙofar gida ba balle ya biya ta hannun kamfanin sadarwa. Game da yalwar wuri kuwa, littafi na zallar rubutu sau da yawa bai wuce megabait ɗaya ko biyu ba, rumbu mai terabait ɗaya kuma yana ɗaukar megabait kimanin miliyan, sai mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Idan na tuna wannan adadi, sai zuciyata ta tafi ga Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda mayaƙan Maroko suka kama bayan sun ci daular Songhai a 1591, suka tafi da shi Marrakush, aka wawashe masa littattafai mujalladi 1,600, kuma an ruwaito cewa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa. Birnin nan nasa ya sake ba duniya darasi a zamaninmu. A shekarar 2012, sa'ad da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali, Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji kundaye sun yi ta zuba rubuce-rubucen cikin akwatunan ƙarfe, suna ɓoye su a gidaje, daga baya suka riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan, ta mota da ta kwalekwale a kan kogin Neja, har dubban ɗaruruwa suka isa Bamako lafiya. Waɗanda wuta ta ci a watan Janairu na 2013, kimanin 4,000, suna cikin sabon ginin cibiyar gwamnati ne mai sunan Ahmad Baba, inda aka tara su wuri guda. Ba ina cewa tara littattafai a cibiya kuskure ba ne, haƙiƙa cibiya na da gwanayen gyara da kayan aikin da gida ba shi da su. Abin da nake nufi shi ne ilmin da ya warwatsu a gidaje ɗari ya fi wuyar hallakarwa a kan wanda ke da ƙofa ɗaya da makulli ɗaya.

Mu ma nan mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka ɗauki makonni wanda duk karatunsa ke kan intanet ba shi da abin dubawa. Domin irin wannan hali aka ƙirƙiri manhajar Kiwix a 2007, wadda ɗaya daga cikin mutum biyun da suka assasa ta, Renaud Gaudin, a Mali yake zaune a lokacin: tana dunƙule kundin Wikipedia baki ɗaya, na Turanci da hotunansa kimanin gigabait 100, na Hausa kuwa ɗan kaɗan ne a kan wannan, a sauke shi sau ɗaya a riƙa karantawa ba tare da intanet ba. Ɗaliban ilmi a ƙasarmu ma ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin sun daɗe suna kwafar Maktabatus Shamila daga kwamfutar wani zuwa ta wani, da dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da luga a cikinta. Kuma masu tura wa'azi da fina-finai cikin katin memori a bakin kasuwa, in an lura, aikin saba suke yi da hannu.

Ba zan ɓoye wahalar abin ba. Saba tana son wuta mai ɗorewa, wanda ba shi da farantin sola da batir a ƙasarmu zai sha fama. Rumbun ajiya yana mutuwa ba sallama, shi ne garar wannan zamani, saboda haka masu abin suka yi ittifaƙi a kan ajiye kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. Wanda kuma ya buɗe wa sabarsa ƙofa zuwa intanet ba tare da ya iya tsaro ba, ya gayyato ɓarayin da ba a gani. Sa'an nan akwai amana: littafin da mai shi ke raye yana ci da guminsa, kamar marubutan ƙagaggun labaranmu na Kano da sauran garuruwa, bai halatta a kwafe shi a raba ba da izininsa ba, kuma sauƙin kwafa ba ya mayar da haram halal. Abin da ya halatta ma ya ishi mutum har ƙarshen rayuwarsa, tun daga littattafan magabata zuwa dubun-dubatar da shirin Project Gutenberg ke tarawa tun 1971.

Sai dai mallakar littafi dabam, karanta shi dabam, kuma nan ne maganar ta fi damuna. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake ɗaukar ƙari: ɗalibi ya ja layi ɗaya na Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam ya fassara, ya warware, ɗalibi ya amsa da na'am, a yi sahu biyu ko uku a rufe, gobe a biya na jiya kafin a ci gaba, har a shekara ana littafi guda. Mai kallo daga waje zai ce jinkiri ne, amma a cikin wannan jinkirin ake koyon wata ɗabi'a wadda ta fi abin da ke cikin littafin tsada, wato haƙurin bin magana daga mubtada'inta har zuwa habarinta, da hana kai yanke hukunci kafin mai magana ya dire. Karatun waya kuwa akasin haka yake horar da mutum. Masu binciken motsin ido, tun daga aikin Jakob Nielsen na 2006, sun nuna cewa mai duba shafin intanet yakan karanta layukan farko ne, sa'an nan idonsa ya gangara ta gefe yana tsintar kalmomi. A 2018 kuma waɗansu masana, galibinsu na ƙasar Sifaniya, sun tattara bincike 54 da suka shafi mutum sama da 170,000, suka ga cewa fahimtar rubutun bayani ta fi ƙarfi a takarda a kan allon na'ura, musamman in an ƙayyade wa mai karatu lokaci. Wata malama Ba'amurkiya mai nazarin ƙwaƙwalwa da karatu, Maryanne Wolf, ta ba da labarin yadda ita kanta ta koma ga wani littafi da take ƙauna tun ƙuruciya, ta tarar ba ta iya jure tsawon jimlolinsa, sai da ta yi kusan mako biyu tana tilasta wa kanta zama kafin natsuwar ta dawo.

A ganina laifin gilashin wayar kaɗan ne, babban laifin na kasuwar da ke bayansa ne. Shafukan sada zumunta da talla suke ci, talla kuwa da daɗewar idonka ake sayar da ita, saboda haka aka gina su a kan kada ka tashi, kuma an daɗe da gane cewa ba abin da ke zaunar da mutum kamar fushi. Takardun cikin gida na Facebook, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021, sun nuna cewa daga 2017 ma'aunin da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutane ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar a kan alamar so ta yau da kullum, kafin daga baya a rage. Wani bincike na jami'ar MIT da aka buga a 2018, wanda ya bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya sami cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin isa ga mutum 1,500 da kusan ninki shida. Sabar gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙugiyoyi. Ba ta da talla, ba ta aiko da ƙararrawa, ba ta san abin da ke tunzura ka ba balle ta ƙaro maka. Littafin da ka ajiye jiya yana nan inda ka bar shi, shiru, sai ka zo.

Daga nan ne maganar ta gangaro kan siyasa, domin mutumin da ya saba da tsintar kalmomi, haka zai tsinci maganar abokin hamayyarsa, ya ɗauki rabin jimla ya yi mata raddi da zagi, a taru a yi masa tafi. Malamanmu sun san wannan cuta tun kafin a yi lantarki. Imam Gazali, a cikin kitabul ilmi na Ihya'u, ya keɓe babi ga aibobin munazara, ya lissafa hassada da girman kai da ƙullata da giba da bin diddigin aibin mutane da ƙin gaskiya in ta fito daga bakin abokin jayayya, ya kuma fifita yin muhawara a keɓe a kan yin ta a gaban taro, saboda taro na motsa riya. Wanda ya karanta wannan babi, sa'an nan ya dubi yadda magoya bayan jam'iyyu ke yi da juna a waya a lokacin zaɓe, zai ga an gina wa kowace aiba daga cikinsu rumfa a kasuwa. Fannin adabul bahasi wal munazara kuwa ya shar'anta wa mai raddi ya fahimci da'awar abokinsa tukuna, har ya iya maimaita ta yadda mai ita zai yarda cewa abin da yake nufi ke nan, kafin ya buɗe baki ya warware ta.

Waɗansu masu sabar gida sun gwada kai wannan tunani har ga dandalin hira. Manhajar Mastodon, wadda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016, kuma jama'a suka yi tururuwa zuwa gare ta bayan Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoba na 2022, tana ba kowa damar kafa nasa ƙaramin dandali a kan sabarsa, ya sa ƙa'idodinsa, dandalolin kuma su riƙa gaisawa da juna. Abin ya yi kama da zaure mai maigida, inda in yaro ya yi ashar akwai wanda zai tsawata masa, kuma yana jin kunyar idon da ya sani. Amma zaure na iya zama na 'yan ɗariƙa ɗaya ko 'yan jam'iyya ɗaya, a yi ta ladabi da juna ana cin naman na waje, saboda haka ban ɗauki na'ura a matsayin maganin rashin ladabi ba. Iyakar abin da take yi shi ne ta kawar da mai zuga, ta bar mutum da halinsa da littattafansa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga tarihinmu yake. Bayan jihadi ya kai ga ƙasar Barno a wajajen 1808, Shehu Muhammadul Amin Elkanemi ya rubuto wa shugabannin Sakkwato wasiƙu yana tuhumar su da yaƙar Musulmi, yana kafa hujja da cewa mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, kuma saɓo da bidi'a, komai muninsu, ba sa fitar da mutum daga Musulunci, in kuwa suna fitarwa to ba ƙasar da za ta tsira, har Masar da Sham. Muhammadu Bello ya mayar da jawabi, yana cewa asalin rigimar shi ne taimakon da sarakunan Barno suka ba sarakunan Hausa a kan jama'a. Magana ce ta jini da mulki, wadda ta fi duk wata gardamar zaɓe zafi, kuma kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa kaushi inda ya ga dama. Wasiƙun ba su kashe wutar ba, domin Elkanemi ya sake ɗaura yaƙi ya nufo ƙasar Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a 1827. Amma sa'ad da Bello ya zauna wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da ya rubuta domin ya ba da tarihin jihadin ta bakin masu shi, bai taƙaita maganar abokin hamayyarsa da bakinsa ba, bai kuma zaɓo mafi rauninta ba. Ya kwafe wasiƙar Elkanemi da hujjojinta masu nauyi ya sa a cikin littafinsa, sa'an nan ya biyo da raddinsa, ya bar mai karatu ya auna.

Ta haka ne hujjar Barno ta rayu a gidajen malaman Sakkwato da Gwandu da Kano da Zariya, almajirai suna kwafar ta da alƙalamin kara daga gafaka zuwa gafaka, suna rubuta tuhumar da aka yi wa shehunansu da hannunsu harafi bayan harafi, shekara fiye da 130, kafin a buga matanin Larabcin a Landan a 1951.